Banki ya ce gidan bai kai kuɗin da na taya ba: in nemi ragi ko in cika daga aljihuna?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni da matata da 'ya'yanmu biyu muna zaune a gidan haya a Ingila. Mun samu gida mai ɗakunan kwana uku, muka taya fam 320,000, mai gidan ta sallama. Wannan ne karon farko da za mu sayi gida. Mun tara fam 32,000 na kafin alƙalami, muka nemi banki ya ba mu lamunin sauran fam 288,000. Makon jiya banki ya turo mai kimanta gida, ya ce darajarsa fam 300,000 ce, saboda haka fam 270,000 kawai za su bayar. Dillalin gidan ya ce in nemo cikon, wai akwai wasu masu so. Muna da fam 9,000 da muka ajiye na ko-ta-kwana, kuma yayan matata ya ce zai ranta mana fam 10,000. Mai gidan dattijuwa ce, mijinta ya rasu, tana so ta koma kusa da 'yarta, kuma ta karɓe mu hannu bibbiyu. Ina jin nauyin in koma in ce ta rage, tunda magana zarar bunu ce. Matata kuma ta ce ba ta yarda a taɓa kuɗin ajiyar ba, har mun ɗan samu saɓani. Ba a yi musayar takardun yarjejeniya ba tukuna, amma mun kashe kusan fam 1,500 wajen lauya da bincike. Yaya zan yi?

Amsa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a wannan nema. Amsata ita ce ka koma wurin mai gidan ka nemi ragi, kuma kada makon nan ya fita ba ka yi ba. A kan kuɗin ajiya kuwa, bayan matarka nake.

Na lura nauyin dattijuwar nan ne ya fi riƙe maka ƙafa, don haka da shi zan fara. Ranar da ka taya fam 320,000, kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ka ambata na banki ne, kuma ba ka ɓoye wa kowa hakan ba. Dillali ya sani, mai gida ta sani. Ma'anar tayinka tun farko ita ce zan biya kaza idan banki ya amince. Banki ya zo ya duba, ya faɗi iyakar abin da zai bayar. Wanda ya koma ya sanar da haka bai yi magana biyu ba, sharaɗin da aka ɗora maganar a kai ne bai cika ba.

Haka doka ma ta tsara abin. A Ingila da Wales, tun dokar 1989, cinikin gida ko fili ba ya ɗaure kowa sai an rubuta shi an sa hannu, kuma a aikace wannan yana tabbata ne ranar da lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya. Kafin ranar, kai kana da damar janyewa, ita ma tana da damar sayar wa wanda ya fi ka tayi ko da gobe ne. Na san za ka ce ba duk abin da doka ta yarda da shi ne ya dace da mutunci ba, kuma gaskiya ne. Akwai masu saye da suke yin shiru har sai saura kwana ɗaya ko biyu a yi musaya, mai gida ya ɗaure kaya, ya biya masu kwasa, sannan su ce sai an rage musu kaza ba tare da wani dalili ba, don sun san ba shi da wurin juyawa. Wannan cin amana ne ko da kotu ba za ta kama su ba. Kai kuwa dalilinka a rubuce yake, daga wani na uku ya fito, kuma tun da sauran lokaci. Abin da kawai zai iya kai ka sahun waɗancan shi ne jinkiri. A duk ranar da ka yi shiru, baiwar Allah nan tana ci gaba da biyan lauyanta, mai yiwuwa ma ta taya wani gida kusa da 'yarta tana lissafi da fam 320,000. Idan kana tausayinta, kuma na yarda kana yi, ka bar ta ta ji labarin yanzu da take da zaɓi.

Yanzu lissafi, domin akwai wurin da mutane da yawa suke ruɗewa. Banki yana duba farashin ciniki da darajar da mai kimantawa ya faɗa, ya ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta, a kansa yake auna kasonsa. Kashi 90 na fam 300,000 shi ne fam 270,000. Idan farashi ya tsaya a fam 320,000, daga gare ka ake jiran fam 50,000, kana da fam 32,000, giɓin ke nan fam 18,000. Kuma daga yanzu duk fam ɗaya da ya haura 300,000 kai kaɗai za ka biya shi, banki ba zai sa ko sisi a ciki ba. Idan ta sauko zuwa fam 310,000, kana buƙatar fam 40,000, saura 8,000. A fam 305,000 kana buƙatar 35,000, saura 3,000. Idan ta yarda da fam 300,000 cif, fam 30,000 sun ishe ka, har da rarar 2,000. Haka abin yake ga masu bi ta bankunan Musulunci da tsarin haɗin gwiwa, su ma da darajar da aka kimanta suke auna kasonsu.

Akwai kuma harajin sayen gida, wanda ake kira Stamp Duty. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2025, mai sayen gidan farko a Ingila ba ya biyan komai har zuwa fam 300,000, daga nan yana biyan kashi 5 cikin 100 na abin da ya haura, matuƙar gidan bai wuce fam 500,000 ba. Ke nan a farashin yanzu fam 1,000 za ka biya, a 305,000 fam 250, a 300,000 babu ko kwabo. Sai dai ka kula da wannan, domin yana kama mutanenmu da yawa da ke zaune a can: rangwamen na wanda bai taɓa mallakar gidan zama ba ne a ko'ina a duniya, ko da ta hanyar gado ne, kuma dole ku biyun ku cika sharaɗin idan da sunanku duka za a saya. Idan akwai wani gida da sunanka ko sunanta a wata ƙasa, ka gaya wa lauyanka tun yanzu.

Kafin ka kira dillali, ka nemi sanin dalilin da ya sa aka ce 300,000. Wannan kimantawa banki ne ya sa a yi don amfanin kansa. Tambayarsa ɗaya ce, idan wannan mutum ya kasa biya muka sayar da gidan, kuɗinmu zai fito? Wani lokaci mai kimantawa yana shiga gidan na ɗan lokaci, wani lokaci daga waje yake dubawa, wani lokaci ma kwamfuta ce take fitar da adadin daga bayanan cinikin da aka yi a unguwar. Ka tambayi bankin, ko dillalin lamuninka, wato mai nema wa mutane lamuni a bankuna, idan ta hannunsa ka bi, wace iri aka yi, kuma ko za su ba ka kwafin rahoton. Ba kowane banki ke bayarwa ba, amma galibi ana iya samun dalilin ko da a baki.

Dalilan sun kasu biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan cewa aka yi gidaje irinsa a unguwar ba su kai wannan kuɗi ba, to batun farashi ne kawai. Idan kuwa wani aibu aka gani, irin su laima a bango, rufin da ya tsufa, tsagewar da ke nuna ginin yana motsi, ko ƙarin ɗakin da aka gina ba da izini ba, to matsalar ta wuce fam 20,000, domin gyaran yana jiranka bayan ka shiga. A irin wannan hali banki kan riƙe wani ɓangare na lamunin har sai an yi gyaran. Ba ka faɗa mini ko cikin fam 1,500 da ka kashe akwai binciken lafiyar ginin da kai ka sa aka yi ba. Idan babu, kuma aka ambaci aibu, ka ɗauki ƙwararre mai rajista da RICS, ƙungiyar masu binciken gine-gine, ya yi maka bincike mataki na 2, ko na 3 da ya fi zurfi idan gidan tsoho ne, sannan ka samo ƙiyasin gyara a rubuce daga masu aikin. Da wannan takarda a hannu maganar ragi tana yin sauƙi ƙwarai.

Sannan ka zauna da daddare ka yi naka binciken. Hukumar rajistar filaye da gidaje, HM Land Registry, tana wallafa farashin da aka sayar da gidaje a Ingila da Wales tun daga 1995, kyauta ne a intanet, kuma shafukan tallar gidaje na Rightmove da Zoopla suna nuna waɗannan alƙaluma tare da tsoffin hotunan gidajen. Ka nemi gida uku zuwa biyar masu kama da wannan a girma da yawan ɗakuna da yanayi, a layin ko kusa da shi, waɗanda aka sayar cikin watanni shida da suka wuce ko kusa da haka. Farashin da aka sayar nake nufi. Kuɗin da ake nema a talla ba hujja ba ne a wurin banki, kowa yana iya rubuta abin da ransa ke so. Bayanan hukumar sukan makara da makonni ko watanni, saboda haka ka tambayi dillalin gidan ko yana da cinikin da aka kammala kwanan nan wanda bai fito ba tukuna. Tunda shi ne ya ce gidan ya kai 320,000, shi ya kamata ya fi kowa iya kawo hujja.

Ka yi wannan bincike da zuciya ɗaya, kada ka tsinci waɗanda suka yi maka daɗi kawai. Idan ka ga an sayar da irinsa a 318,000 da 322,000 da 325,000 kwanan nan, to wataƙila mai kimantawa ya yi kuskure, sai ka nemi banki ya sake dubawa ka haɗa da waɗannan misalai. Ka nema ɗin, ba ya cin komai, amma kada ka ɗora zuciyarka a kai, domin ba kasafai mai kimantawa yake janye adadinsa ba sai an nuna masa ciniki na zahiri da bai gani ba, ko kuskure ƙarara kamar ƙidaya ɗakuna ba daidai ba. Idan kuwa ka ga duk suna tsakanin 295,000 da 305,000, to banki ya yi maka aikin da ya kamata a yi kafin tayi, kuma waɗannan misalai su ne za ka ɗora a gaban mai gida.

Za a ba ka shawarar ka gwada wani banki. Hanya ce, kuma wani lokaci tana ɓullewa. Sai dai bankuna da yawa kamfanonin kimantawa ɗaya suke ba aiki, yana yiwuwa mutumin da ya zo makon jiya shi zai sake zuwa. Dillalin lamuni mai ƙwarewa yakan san wane banki ke aiki da wane kamfani, ka tambaye shi kafin ka cike takarda, domin kowane cikakken neman lamuni yana barin alama a tarihin bashinka, ga kuma makonnin da za a ƙara. Ni dai ko da wani bankin ya ce 320,000, zan so ka tambayi kanka ko gidan ya kai, idan misalan da ka tara suna cewa bai kai ba.

Za a kuma ce maka ka koma lamunin kashi 95. Lissafinsa yana da jan hankali: kashi 95 na 300,000 shi ne fam 285,000, ka haɗa da 32,000 naka, ka kai 317,000, saura ƙiris. Amma kuɗin ruwan wannan mataki ya fi na kashi 90 tsada, bashin ya fi yawa, biyan wata ya ƙaru, kuma sai banki ya sake duba ko albashinku zai ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne za ka shiga gidan da bashin 285,000 a kan dukiyar da aka kimanta 300,000. Farashin gidaje ya sauka da kashi 5 kawai, rabonka ya ƙare, ya ƙara sauka, bashin ya fi gidan. Ranar da wa'adin tsayayyen kuɗin ruwanka ya cika, shekara biyu ko biyar, ka tashi neman sabon tsari a wani banki, za a sake kimanta gidan, kuma a ranar babu mai tambayar nawa ka biya. Ban ce kada ka bi wannan hanya ba, amma ka sa dillalin lamuni ya rubuta maka biyan wata na matakan biyu gefe da gefe, ku duba tare da matarka.

Mu zo kan fam 9,000 da rancen surukinka. Na ga yadda suka haɗu suka ba da 19,000, daidai abin da zai rufe giɓin har da ɗan canji, shi ya sa zuciyarka take komawa can. Ka yi tunanin watan farko a sabon gida. Babu mai gidan hayar da za a kira idan injin ɗumama gida ya tsaya a tsakiyar hunturu, ko rufi ya fara yoyo. Ga kuɗin kwasar kaya, ga ragowar kuɗin lauya, ga inshorar gini wadda yawanci tun ranar musaya take hawa kanka. Idan aikin ɗayanku ya tsaya na wata biyu, banki ba zai tsaya ba. Iyali mai yara biyu da bashin fam 270,000 ba tare da ajiyar komai ba yana cikin haɗari, kuma wannan shi ne abin da matarka ta hango. Ina roƙonka kada ka ɗauki tsayuwarta a matsayin rashin son gidan.

Rancen kuma yana da tasa matsalar. Banki da lauya za su tambayi inda kowane ɓangare na kuɗin ya fito. Idan kyauta ce daga ɗan'uwa, sai ya sa hannu a takarda cewa ba za a biya shi ba kuma ba shi da rabo a gidan, wasu bankunan ma daga dangi na kusa kawai suke karɓa. Idan rance ne, dole a faɗa, kuma bankuna da yawa ba sa yarda da kafin alƙalamin da aka ranto, waɗanda suka yarda kuma za su sa biyansa cikin lissafi, abin da za su ba ka ya ƙara raguwa. Akwai wanda zai raɗa maka cewa ku rubuta kyauta ce kawai, daga baya ku biya a tsakaninku. Wannan ƙarya ce a takardar neman lamuni, zamba ce a ƙarƙashin dokar 2006, kuma surukinka da ya sa hannu ya shiga ciki. Mutumin da ya miƙo maka hannu don zumunci bai cancanci haka ba. Ka yi masa godiya sosai, ka ce a bar shi tukuna.

Saboda haka, kafin kowace waya, ku zauna kai da ita ku tsayar da adadin da ba za ku haura ba, ku rubuta shi a takarda. Dole a yi wannan tun kafin a fara magana, domin idan dillali ya kira yana cewa saura 3,000 kawai a rufe, a lokacin zuciya ba ta iya lissafi. Da ni ne a matsayinka, da 300,000 zan buɗe, in tsaya a wajen 305,000. A can fam 3,000 ake nema, kuma idan ka riga ka ware fam 1,000 na haraji, 750 daga ciki sun dawo, abin da zai fita daga ajiya bai wuce fam 2,250 ba. Raba bambancin farashin biyu, wato 310,000, shi ne abin da dillali zai fara kawowa don yana da kamannin adalci, amma a wurinka yana nufin kusan fam 7,500 daga cikin 9,000. Ba zan ba ka shawarar haka ba sai idan kuna da tabbacin sake tara su cikin 'yan watanni. Ku ne kuka san albashinku da kuɗin hayar da kuke biya yanzu, kuma idan kuna da niyyar zama a gidan shekara goma ko fiye, ɗan ƙari a kan ƙiyasin banki ba asara ba ce mai girma. Sharaɗina kawai shi ne adadin ya zama wanda ta amince da shi da bakinta.

Game da dillali, ka tuna wa yake yi wa aiki. Mai gida ce ta ɗauke shi, ita za ta biya shi la'ada, kuma a mafi yawan yarjejeniyoyi sai ciniki ya kammala yake samu. Wannan yana da amfani a gare ka. A ce la'adarsa kashi 1 cikin 100 ce, ragin fam 20,000 fam 200 zai rage masa, rushewar cinikin kuwa za ta hana shi fam 3,000 har sai an samu wani. Maganar akwai wasu masu so tana iya zama gaskiya, tana iya zama ta bakin ciniki, kada ka yi musu da shi a kai. Doka ta wajabta masa ya kai wa mai gida duk tayin da aka yi, a rubuce kuma ba da ɓata lokaci ba, don haka ka aika naka ta imel yadda zai isa da kalmominka. Ka sa ma'anarsa ta zama kamar haka:

"Har yanzu muna son gidan kuma a shirye muke mu kammala. Bankinmu ya kimanta shi fam 300,000, ya rage lamunin zuwa fam 270,000, ga takardar a haɗe. Ba mu da halin cike fam 18,000. Ga gidaje makamantansa da aka sayar kwanan nan da farashinsu. Muna sabunta tayinmu zuwa fam 300,000. Ba mu da gidan da muke jira a sayar, lauyanmu ya yi nisa da bincike, kuma za mu bi ranar tashin da ta fi mata sauƙi."

Kada ka kushe gidan, kada ka yi barazanar tafiya, kada kuma ka cika ban haƙuri har a ɗauka kana da kuɗin kana jan rai ne. Jimlar ƙarshe ta saƙon nan tana da nauyi fiye da yadda kake zato. Kai ɗan haya ne, babu wani ciniki a bayanka da zai iya rushewa ya ja naka, kuma lamuninka yana hannu. Idan ta sake sa gidan a kasuwa, sabon mai saye zai faro komai daga tushe, watanni ke nan, kuma idan shi ma da ƙaramin kafin alƙalami ya zo, akwai yiwuwar bankinsa ya faɗi abin da naka ya faɗa. Ga mace mai son komawa kusa da 'yarta, tabbas da sauri suna da daraja. Idan kuma ragin zai hana ta sayen gidan da take nema, dillali yana iya tuntuɓar wanda take saye a wurinsa ko zai sauke wani abu, a raba nauyin. Ana yin haka. Tunda kuma akwai mutunci tsakaninku, ba laifi ka haɗa da 'yar gajeriyar wasiƙa zuwa gare ta ta hannun dillalin, ka ce ba haka ka so ba. Amma cinikin kansa ka bar shi a rubuce, kada ka je falonta ku yi shi baki da baki, domin na san irinka, tana yin shiru za ka ce a bar shi yadda yake.

Idan wani ya kawo dabarar a rubuta 300,000 a takarda, ka ba ta sauran a gefe, ko a ce kuɗin labule da kujeru ne alhali ba su kai haka ba, ka ƙi. Kayan ɗaki ana iya sayensu daban, amma a kan ainihin darajarsu kuma da sanin lauya. Lauyanka galibi shi ne kuma yake wakiltar bankin a wannan ciniki, wajibi ne ya sanar da shi gaskiyar farashi.

In ta amince, ka tabbata dillali ya fitar da sabuwar takardar ciniki da sabon farashi, lauyoyin biyu sun samu, banki kuma ya sabunta tayin lamuninsa. Kada ka yarda a yi musaya sai lauyanka ya tabbatar maka cewa kuɗin banki da naka sun cika farashin har da haraji. Ranar musaya ake ajiye kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100, kuma wanda ya kasa kammalawa bayan nan yana iya rasa shi gaba ɗaya, a kuma bi shi diyya.

Tana kuma iya cewa a'a, kuma haƙƙinta ne. Mai kuɗi a hannu, ko wanda ya tara kashi 40 na farashin, ƙiyasin banki ba ya takura shi kamar yadda ya takura ka, yana iya biyan abin da ta nema. Idan amsarta ta haura adadin da kuka rubuta, ka janye cikin ladabi. Na san fam 1,500 da kuka kashe suna da ciwo, ga yara wataƙila har sun zaɓi ɗakuna, amma ba a zuba 18,000 don a ceto 1,500. Ka gaya wa lauyanka ya dakata da aiki don kada kuɗinsa ya ci gaba da hawa. Ka tambayi bankin yaushe tayin lamuninka zai ƙare, yawanci wata uku zuwa shida ne, da kuma abin da za su buƙata idan ka kawo wani gida, tunda sun riga sun tantance albashinku. Sannan ka ce wa dillalin, a rubuce, tayinka yana nan idan ta sake shawara, amma daga ranar ka ci gaba da duba wasu gidaje, kuma ya sanar da kai idan yana da irin wannan a hannunsa. A gida na gaba, ka duba farashin da aka sayar da na maƙwabta kafin ka buɗe baki da tayi.